Daga Allo Zuwa Littafi: Waiwaye Kan Rubuta Manhaja Ba Goge-Goge

Ɗalibin da ya yi lissafi ko da na ƙaramar sakandare ne, idan aka rubuta masa x = x + 1, zai ce hakan ba ya yiwuwa, domin babu lambar da za ta yi daidai da kanta bayan an ƙara mata ɗaya. Amma tun daga shekarun 1950 wannan layin na cikin abubuwan farko da ake koya wa mai son rubuta manhaja, kuma a can umarni ne: je ka gurbin da aka laƙaba wa x a ma'adanar kwamfuta, ɗauko abin da ke ciki, ƙara masa ɗaya, ka mayar da shi inda yake. Abin da ke gurbin a da ya tafi ke nan. A kan wannan ɗabi'a ta rubutawa a goge a sake rubutawa aka gina kusan duk manhajojin da duniya ta yi aiki da su na tsawon rabin ƙarni. Tun farko kuma akwai 'yan tsiraru, yawancinsu a jami'o'i, da ke cewa a ba ƙima suna sau ɗaya a bar ta a haka, in ana son sabuwa a samo ta daga tsohuwar ba tare da an taɓa tsohuwar ba. An daɗe ana yi musu kallon masu son lissafi da ba su san zafin aiki ba. Yau shawararsu ta shiga Java da JavaScript da C# da Swift, harsunan da ake cin abinci da su. A ganina abin da ya kawo wannan shi ne abu mai tsada a sana'ar ya canza. A da ma'adanar inji ce ake tattali, yanzu kuwa hankalin mutumin da zai karanta rubutun ne ya fi ƙaranci. Don haka tambayar ma ta juya: a da mai son barin ƙima yadda take ne ake neman dalilinsa, yanzu mai son gogewa ne ya kamata ya kawo nasa.

Hanyoyin biyu kusan tagwaye ne. A 1936 Alonzo Church a jami'ar Princeton ta Amurka da Alan Turing a Cambridge ta Ingila, kowa ta hanyarsa, suka amsa tambaya ɗaya: mene ne abin da za a iya lissafawa? Turing ya zana inji a tunani mai dogon tef, yana karanta alama, ya goge, ya rubuta wata, ya matsa gaba ko baya. Church bai kawo inji ba sam. Lissafinsa na lamda ba shi da komai sai fankshin, wato ƙa'idar da ake miƙa wa abu ta mayar da abu, da yadda ake ɗora wani a kan wani. A 1937 Turing da kansa ya nuna cewa ƙarfinsu ɗaya ne. To amma da aka zo ƙera injin gaske, hanyar gogewa ce ta fi kusa da ƙarfe da waya. Rahoton John von Neumann na 1945 ya tsara kwamfuta a matsayin sashen lissafi da ma'adana mai gurabe masu lamba, ma'adanar kuma ƙarama ce ƙwarai: IBM 704, wadda aka fara rubuta wa Fortran, ba ta wuce kalmomi 32,768 ba a mafi girmanta. Mai irin wannan ma'adana kamar almajiri ne mai allo ɗaya, in ya haddace dole ya wanke ya rubuta na gaba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma ɗan kasuwar da ke bin mutane bashi ba ya riƙe lissafinsa a allo. Littafi yake buɗewa, in an biya ya ƙara layi a ƙasa bai taɓa na sama ba, domin ranar gardama layin saman ne shaida. Masu manhaja sun fara da allo saboda rashi, suka ci gaba da shi bayan sun yi arzikin takarda, har suka ɗauka shi ne asalin sana'ar.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya kan wannan ɗabi'a yana cikin waɗanda suka fi hannu wajen yaɗa ta. John Backus ne ya jagoranci tawagar IBM da ta fito da Fortran a 1957. Shekara ashirin bayan haka, da aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1977, sai ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya tambaya ko za a iya 'yantar da rubutun manhaja daga salon von Neumann. Hujjarsa ita ce tsakanin sashen lissafi da ma'adana akwai ƙuntatacciyar hanya da kalmomi ke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma harsunan kwamfuta sun kwaikwayi wannan ƙunci har ya zama ƙuncin tunani. Maimakon mutum ya yi tunanin abin da yake son samu daga bayanai gaba ɗayansu, sai ya ɓige da tunanin wace kalma za a ɗauko, ina za a ajiye ta, me za a goge. Ba shi ne na farko ba. John McCarthy ya fara Lisp a 1958 da aron alamar lamda daga Church, ya kuma kawo dabarar da in babu ita maganar ba ta da ƙafa, wato inji da kansa ya riƙa kwashe ƙimomin da aka gama da su. Robin Milner da abokan aikinsa a Edinburgh suka gina ML a shekarun 1970. A 1987, a wani taro a Portland, masu bincike da kowannensu ke da ɗan harshensa suka yarda su yi guda ɗaya, aka sa masa suna Haskell, ya fito a 1990. Kasuwa kuwa ko waiwayarsu ba ta yi ba.

Ya kamata a faɗi ainihin laifin gogewa, domin sau da yawa ana sukarta ba a nuna inda take cizo ba. Ɗauki manhajar makaranta mai riƙe da jerin ɗaliban aji bisa lambar rajista. Wani ya rubuta ƙaramin fankshin da zai fito da wanda ya zo na ɗaya: ya karɓi jerin, ya jera shi bisa maki, ya ɗauki na sama. Amsar daidai ce, an gwada an gani. Sai dai a JavaScript, sort ba ya ba ka sabon jeri, wanda ka miƙa masa yake juyawa a inda yake. Can gaba, a wani fayil da wani mutum daban ya rubuta, ana buga takardun sakamako ana haɗa suna na farko da hoto na farko, bisa zaton har yanzu tsarin rajista ake bi. Sai sunan wannan ya fito da hoton wancan. Duba fankshin na farko, babu kuskure. Duba na biyu, babu kuskure. Kuskuren yana tsakaninsu, a cikin wanda aka fara kira, kuma in aka buga takardun kafin a nemi na ɗaya ba zai bayyana ba ko kaɗan. Abin da gogewa ke shigowa da shi ke nan, wato lokaci. Da zarar suna ɗaya zai iya nufin abu kaza yanzu, wani abu an jima, to sanin ma'anar layi ɗaya na buƙatar sanin duk abin da ya gudana kafin a iso gare shi, da duk wanda ke riƙe da wannan jerin a ko'ina cikin manhajar. Fankshin tsantsa kuwa, wanda amsarsa ta dogara kawai da abin da aka ba shi kuma ba ya taɓa komai a waje, ana karanta shi shi kaɗai, a gwada shi shi kaɗai, a cire kiransa a sa amsarsa a wurin ba abin da zai canza. Harold Abelson da Gerald Sussman na MIT, a littafinsu na koyarwa na 1985, sun kai ɗalibi babi biyu cur ba su nuna masa yadda ake canza abin da ke gurbi ba. Da suka zo nunawa a babi na uku, sai suka tsaya suka lissafa masa asarar da ya yi: hanyar fahimtar manhaja ta musanya suna da ƙimarsa, irin ta aljabara, ta daina aiki daga nan.

Idan kuma ayyuka biyu na tafiya lokaci guda suna taɓa gurbi ɗaya, abin ya wuce wahalar karatu ya koma haɗari. A ce asusu na da naira dubu goma, mai shi yana cirar dubu bakwai a POS daidai lokacin da wani umarnin biyan dubu bakwai ya iso. Kowanne ya leƙa ya ga dubu goma, kowanne ya ce sun isa, kowanne ya rubuta saura dubu uku. An fitar da dubu goma sha huɗu, gurbin yana nuna dubu uku. Irin wannan ba ya faruwa sai an haɗu a cikin ƙiftawar ido, shi ya sa gwaji bai cika kama shi ba. Tsakanin 1985 da 1987 na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya aƙalla shida, a Amurka da Kanada, haske mai ninki da yawa na abin da aka rubuta musu, wasu suka rasu. Cikin abin da bincike ya gano akwai cewa idan mai kula da na'urar ya gyara abin da ya shigar cikin 'yan daƙiƙu, wani sashen manhajar yakan ga gyaran wani bai gani ba, alhali ta gurabe ɗaya suke sadarwa. Ba daidai ba ne a ce da an rubuta ta da Haskell da ba wanda ya mutu. Nancy Leveson, wadda ta yi binciken tare da Clark Turner, ta nace cewa babban laifin na tsarin ne gaba ɗaya, domin an cire makullan kariya na ƙarfe da tsohuwar na'urar ke da su aka dogara da manhaja kaɗai, kuma gaskiyarta. Abin da misalin ya nuna bai kai haka girma ba amma tabbatacce ne: akwai jinsin kuskuren da ba ya samuwa sai an haɗa abu biyu, tarayya a kan gurbi da ikon canza shi. In an cire ɗaya, jinsin ya ƙare.

Suka ta farko da ake yi wa salon barin ƙima yadda take, kuma mai nauyi ce, ita ce duniya kanta canzawa take yi. Kuɗi na shiga asusu suna fita, saƙo na isowa, mai waya na danna gilashi, kuma manhajar da ba ta canza komai ba ta amfanar kowa. Masu Haskell sun ɗanɗana wannan da kansu. Sun yi shekaru suna fama da yadda harshe tsantsa zai karanta fayil ba tare da ya karya ƙa'idarsa ba, sai da Philip Wadler ya ɗauko tunanin monad daga aikin Eugenio Moggi, aka shigar da shi tsarin harshen a 1996. Maganin bai kori canji ba, alama ya sa masa: duk fankshin da zai taɓa duniyar waje sai nau'insa ya faɗa, mai karatu ya gane shi tun daga bakin ƙofa. Kamfanin sadarwa na Ericsson a Suwidin ya iso wuri ɗaya ta hanyar buƙata. Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams sun fara Erlang a 1986 don na'urorin haɗa kiran tarho, waɗanda ba a yarda su tsaya ba. A Erlang in ka ba suna ƙima ya zauna ke nan, kuma dubban ƙananan ayyukan da ke tafiya tare saƙo kawai suke aika wa juna. Kowanne na riƙe da halinsa, in saƙo ya zo ya lissafa sabon hali daga tsohon. In ya faɗi, bai bar rabin rubutu a gurbin wani ba, sai a tashe shi sabo. Da wannan harshe aka gina manhajar da ke ɗaukar saƙonnin WhatsApp, kuma lokacin da Facebook ya saye shi a 2014 yana hidimar mutane kusan miliyan 450 da ma'aikatan da ba su kai 60 ba. Saƙon muryar da ke tashi daga Kano zuwa Damagaram ta hannun wannan salo yake bi.

Rich Hickey, wanda ya fito da Clojure a 2007, ya warware ƙullin da kyau da ya ce a raba tsakanin abu da halin da yake ciki. Asusu abu ɗaya ne mai ɗorewa, amma abin da ke cikinsa ranar Litinin ƙima ce da ba za ta taɓa canzawa ba, ko da an kwashe kuɗin ranar Talata. Asusun tafiya yake yi daga ƙima zuwa ƙima, kuma wurin da ake matsar da shi ɗin kaɗai ke buƙatar gadi. Kusan duk mai rubuta manhaja yana rayuwa da wannan tsari kullum ko bai sa masa suna ba, domin Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ba ya gyara abin da aka riga aka ajiye. Sabo yake ƙarawa, sunan reshe ne kawai ke matsawa.

Suka ta biyu ita ce tsada. In duk lokacin da za ka canza abu ɗaya a jeri mai abu miliyan sai ka kwafe miliyan ɗin, ai an gama da kai. Abin da ya rage wa sukar kaifi shi ne ƙimar da ba ta canzawa ana iya tarayya a kanta ba tsoro. Chris Okasaki ya tattara dabarun ya faɗaɗa su a kundin digirinsa na 1996, wanda ya zama littafi a 1998, Phil Bagwell ya kawo nasa tsarin a 2001, Clojure ya kai su wurin aiki. Ana ajiye jerin ne a siffar bishiya, kowane ƙulli da rassa 32. Jeri mai abu miliyan ɗaya hawa huɗu ne kacal, don haka canza abu ɗaya na nufin kwafe ƙulli huɗu da ke kan hanyarsa, sauran bishiyar kuma tsohon jerin da sabon tare suke amfani da ita. Duk da haka ba kyauta ba ne. Nicholas Pippenger ya nuna a 1996 cewa akwai matsalolin da, a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa, harshe tsantsa dole ya fi mai gogewa jinkiri. Bayanan da ke kwance a jere a ma'adana sun fi bishiya saurin karantawa, kwashe ƙimomin da aka gama da su yana cin lokaci da batir, kuma mai rubuta manhajar ƙaramar na'ura ko ta sarrafa bidiyo yana jin bambancin a jikinsa. Amsar ita ce gogewar da ba wanda ya gani ba ta cutar da kowa. Fankshin da ya buɗe gurbinsa na kansa, ya yi ta rubutu yana gogewa a ciki, sannan ya miƙo amsa ya rufe, daga waje tsantsa ne, kuma Haskell ma yana da hanyar yin haka. Rust, wanda ya fito a cikakkiyar siffarsa ta farko a 2015, ya kamo darasin ta ɗaya ƙarshen: ya bar gogewa, ya hana tarayya a lokacinta. Ko masu karatu da yawa ko mai rubutu ɗaya, ba duka biyun ba, kuma gurbi ba ya canzuwa sai ka rubuta mut ka nema.

Yawancin waɗannan hujjoji suna nan tun kafin 2000, amma ba su motsa kasuwa ba sai da inji ya canza hali. Masu manhaja sun saba in aikinsu na jan ƙafa su jira kwamfutar baɗi ta hanzarta shi. Wajen 2004 zafi da cin wuta suka tsayar da hauhawar gudun furosesa, masu ƙerawa suka koma sa ƙwayoyin lissafi biyu, huɗu, takwas a guntu ɗaya. Herb Sutter ya gargaɗi 'yan'uwansa a 2005 cewa cin bulus ya ƙare, mai son sauri sai ya raba aikinsa gida-gida su tafi tare. Matsalar masu na'urorin tarho ta zama matsalar kowa. A 2004 ɗin ne kuma Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na Google suka bayyana MapReduce, suka ce daga Lisp da danginsa suka aro tunanin. Dalilinsu na aiki ne: in ka raba lissafi ga dubban kwamfutoci wasu za su mutu a tsakiyar aiki, kuma sashen da bai taɓa komai a waje ba ana iya sake gudanar da shi a wata ba fargaba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. C# ya samu LINQ a 2007. Java ya karɓi lamda a 2014, a daidai fitowar da ya kawo sababbin kwanan wata marasa canzawa a madadin tsohon Date, wanda duk mai riƙe da shi zai iya sauya wa kowa ranar. Facebook ya saki React a 2013 da tunanin cewa abin da ake gani a gilashi sakamakon fankshin ne a kan bayanai. A 2023 JavaScript ya ƙara toSorted, mai ba da sabon jeri ya bar naka yadda ka miƙa shi.

Akwai suka ta uku da masu kishin salon ba su cika son ji ba, wato ina shaidar ƙididdiga? A 2014 Baishakhi Ray da abokan aikinta sun nazarci ɗaruruwan manhajoji a GitHub suka ce harsunan fankshin na da ɗan rangwamen kurakurai, aka yi ta yaɗawa. A 2019 Emery Berger da wasu suka sake bin bayanan, suka tarar yawancin sakamakon bai tsaya ba, abin da ya rage kuma ɗan kaɗan ne. Don haka duk wanda ya ce kimiyya ta tabbatar da fifikon waɗannan harsuna ya wuce gona da iri. Sai dai harshe da harshe aka auna, alhali ana iya cika Scala da goge-goge, ana kuma iya rubuta tsantsa da Java. Abin da na fi ba nauyi shi ne yadda mutanen da ba su haɗa manufa ba suka iso matsaya ɗaya. John Carmack, wanda ya yi suna da rubuta wasannin kwamfuta masu neman matuƙar sauri, ya shawarci masu C++ a 2012 su riƙa rubuta fankshin tsantsa duk inda ya yiwu, domin a ganinsa kaso mai yawa na kurakurai daga rashin sanin duk halayen da manhaja za ta iya shiga yake fitowa. Ba za a ce wannan bai san zafin aiki ba.

Abin da ya fi shafar mai aiki yau shi ne yadda ake rubuta salon ya fito da kyau. John Hughes ya yi gargaɗi tun a shekarun 1980 cewa ba a ƙara wa harshe ƙarfi ta hanyar cire masa abu, ƙarfin salon yana cikin sababbin hanyoyin haɗa ƙananan sassa. Gargaɗin har yau sabo ne, domin sabon shiga yakan ɗauki hanin ya bar haɗin. Zai ɗauko tsohon zagayensa mai gurabe uku ya mayar da shi fankshin mai kiran kansa yana jan ukun a baya, ko ya cusa komai cikin reduce guda mai layi talatin, ya ce ya daina gogewa. A takarda ya daina, amma tunanin na nan mataki-mataki, rubutun kuma ya fi na da wuyar karantawa. Wanda ya iya yakan fara da tambayar wace siffa aikin ke da ita. In kowane abu a jeri za a juya zuwa wani, map ne. In tacewa za a yi, filter ne. In tarawa ce, akwai sum. Jimlar kuɗin makarantar da ake bi: tace waɗanda ba su biya ba, ɗauko abin da ake bin kowanne, tara. Layi uku, kowanne sunansa ya faɗi aikinsa, babu gurbin da mai karatu zai riƙe a ka. A manhaja gaba ɗaya ma haka ne. Lissafi da yanke hukunci su zauna a tsakiya tsantsa, karanta fayil da duba agogo da rubutu a rumbun bayanai su tsaya a gefe, sirara, inda ido zai gan su.

Kowane harshe kuma da al'adarsa, wanda ya take ta ya ɓata abin da ya zo gyarawa. A Python, in fankshin ya kira kansa kusan sau 1,000 a jere sai ya tsaya da kuskure, kuma Guido van Rossum da gangan ya fitar da reduce daga kayan da ake samu kai tsaye a Python 3, domin a ganinsa zagaye a fili ya fi saurin fahimta. Mai rubuta Python da kyau yana amfani da abin da harshen ya tanada: gina sabon jeri a layi ɗaya, dabarar da aka aro daga Haskell tun 2000, da tuple, da ajin bayanai da aka daskarar. A JavaScript, const suna kawai yake ɗaurewa, abin da ke cikin jerin yana canzuwa. Kuma mai kwafe duk abin da ya tara a kowane mataki na reduce ya mayar da aikin dubu ɗaya ya zama na kusan rabin miliyan, ya ba masu suka hujja a banza. A irin wannan wuri buɗe gurbi na cikin gida, a cika shi a miƙa, shi ne daidai.

Saura masu cewa salon na da wuyar koyo. Yana da wuya ga wanda aka riga aka horar da shi a kan ɗayan, kuma masu tallarsa sun ƙara masa wuya da manyan kalmomin lissafi da mai aikin yau da kullum ba ya buƙata. Amma akawun ofis da malamin da ke haɗa sakamakon aji a Excel da wannan salo suke aiki kullum. Kowane gida ko ƙima ce a ciki ko ƙa'idar da ke lissafa ta daga wasu gidaje, ba wanda ke damuwa da wanne za a fara lissafawa, kuma in ka ce gida ya zama kansa a ƙara ɗaya, Excel zai gargaɗe ka cewa ƙa'idar na zagaye kanta. Wannan tsari na gidaje masu ƙima ko ƙa'ida yana nan tun VisiCalc na 1979. Mutanen da ba su taɓa shiga ajin kwamfuta ba sun fahimci wannan a yini ɗaya, don haka abin da ya kamata a duba shi ne me ake fara koya wa ɗalibi. Kirana ga malaman da ke koyar da manhaja a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha da cibiyoyin horo, daga Zariya zuwa Yamai: a ba ɗalibi makonnin farko yana rubuta fankshin mai karɓa ya mayar, yana haɗa ƙanana su zama babba, sannan a nuna masa gogewa tare da farashinta da wuraren da ta cancanta. Kai kuma da ke duba rubutun abokin aikinka, duk inda ka ga fankshin ya canza abin da aka miƙa masa, ka tambayi dalili kafin ka sa hannu.